Yaushe Ejan Yake Cancantar Ladansa?

Tun da sayen tikitin jirgin sama ya koma cikin wayar hannu, ma'aikata da yawa suke ganin ejan tafiye-tafiye a matsayin dillalin da zamani ya wuce. Suna da gaskiya, amma rabinta.

Wanda zai tashi daga Kano zuwa Abuja ko Legas ba shi da dalilin biyan kowa lada. Tafiya ce miƙaƙƙiya, kuma saye kai tsaye daga kamfanin jirgin yana da fa'ida: idan aka soke tashi, da kamfanin kaɗai zai yi magana. Wanda ya saya ta hannun wani kuwa, galibi can ake mayar da shi neman kuɗinsa.

Lissafi yana sauyawa ne da zarar tafiya ta ƙunshi ya da zango. Shafukan kwatanta farashi kan haɗa tikiti biyu na kamfanoni daban-daban su nuna su da araha. Idan jirgin farko ya makara, na biyun ba shi da alhakin jira ko sauya wa fasinja kujera. Asarar tasa ce. Ga kuma batun biza: mai fasfon Najeriya ko Ghana yana buƙatar bizar wucewa a filayen jiragen ƙasashen Schengen, ko da ba zai fita daga filin ba, sai in yana riƙe da wasu takardu da suka ɗauke masa ita. Ƙwararren ejan yakan hango wannan kafin a biya ko sisi. Da Emirates ya dakatar da zirga-zirga zuwa Najeriya a 2022 saboda kuɗaɗensa da suka maƙale, masu tikiti sun ga amfanin samun wanda zai nema musu wata hanya. Aikin Hajji kuwa ba ya ma cikin zaɓi: sai ta hukumar alhazai ko kamfanin da NAHCON ta ba lasisi.

Sai dai wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Takardar ajiyar kujera daban, tikiti daban. Tikiti na gaskiya yana da lamba mai alƙaluma 13, kuma ana iya tabbatar da shi a shafin kamfanin jirgin. Ejan da ya karɓi kuɗi ya kasa ba da wannan lamba bai sayar da komai ba tukuna, kuma matafiyi bai kamata ya haɗa kaya ba.