Wanda Ya Karya Sim, Sunansa Ya Karya

A wani bes da ke bayan kasuwar Nima na ji maganar da ta hana ni barci. Ana shan ataya bayan Isha'i, sai wani matashi ya shiga bai wa 'yan'uwansa labarin yadda ya ci bashin MoMo na sidi 400, ya cire sim ɗin ya karya, ya wurga a kwata. Aka fashe da dariya, har da masu ba shi hannu. Wani ya ce ai kuɗin kamfani ba na kowa ba ne. Wani kuma, mai ɗan gemu, ya kawo fatawa: tunda da riba a ciki, bashin haramun ne, don haka babu laifi in ba a biya ba. Ni dai na ce wannan wauta ce da muka sa wa rigar wayo, kuma lokaci ya yi da za a faɗa wa samarinmu gaskiya ko da za su ji haushi.

Mu fara da tambayar da ba su yi wa kansu ba: da me aka gina Zango? Kakanninmu da suka yi fataucin goro tsakanin Salaga da Kano, da waɗanda suka koro shanu har bakin teku, ba su da banki, ba su da lauya. Baƙo zai sauka gidan maigida da garkensa, mahauta su ɗauki shanu bashi, maigida ya tsaya musu. In mahauci ya gaza biya, maigida ne zai biya, shi kuwa mahaucin ya gama ciniki a wannan kasuwa. Jarin mutum shi ne a ce "wane ba ya cin amana". Har yau haka abin yake. Je ka kasuwar Nima ranar Laraba ka ga buhunan masara, wake da albasa da ke fita ba a ajiye ko pesewa ba, sai an sayar a kawo. Ka dubi iyayenmu mata na Maamobi da suka shekara ashirin suna zubin adashi ba su taɓa tsallake mako ba. Wannan gadon ne yaro yake jefawa a kwata saboda sidi 400.

Kuma wayon nasa ma ya daɗe da tashi aiki. Tun 2007 Ghana take da dokar tattara bayanan masu cin bashi, wadda ta ba kamfanoni irin su XDS Data da Dun & Bradstreet damar ajiye tarihin wanda ya ci, wanda ya biya da wanda ya gudu. Lokacin da bashin waya irin Qwikloan ya shigo a 2017, mutane sun ɗauka lambar waya ce ke cin bashin. Daga Oktoban 2021 aka fara ɗaure kowane layi da Ghana Card, daga Yulin 2022 kuma bankuna suka koma neman wannan kati a kowace hulɗa. Da wasu suka ƙi sabunta rajistar layinsu don su tsere wa bashi, Babban Bankin Ghana ya fito a 2022 ya yi gargaɗi ƙarara cewa bayanan masu bashin waya suna hannun waɗancan kamfanoni, kuma rashin biya zai bi mutum duk inda ya je neman rance. A 2024 ma an ƙaddamar da tsarin bai wa kowa maki gwargwadon yadda yake biyan bashi. To, sim ka karya. Yatsunka fa da ke jikin katin, su ma za ka karya su?

Na san amsar da za a ba ni: "Dama bankin ba ya ba mu komai, da zarar sun ji Nima sai su sauya fuska." Ban ƙaryata wanda ya ce ya gamu da haka ba. Amma yi tunani. Idan ma'aikacin banki yana yi maka kallon zargi saboda unguwarka, makami ɗaya da ya rage maka shi ne takardar da ke nuna ka ci sau goma ka biya sau goma. Kai kuma ka ɗauki wannan makami ka miƙa masa da hannunka. Yau shekarunka ashirin da uku, ba ka bukatar kowa. Nan da shekara biyar za ka so babur ko mota na biya-sannu-sannu, ko firji na shago, ko jarin da za ka sauke kaya daga Lome. Ranar za a buga lambar katinka, sidi 400 ɗin nan su fito su tsaya tsakaninka da sidi 40,000. Kuma ba kai kaɗai ka cutar ba, domin duk wanda ya gudu da bashi yana ƙara wa masu zargin Zango hujja.

Shi kuwa mai fatawa, ina da tambaya gare shi. Da ka san da riba a ciki, wa ya kama hannunka ya danna? In tsoron Allah ne, wurin nuna shi kafin a ci ne. Wane malami ne ya ce don ciniki ya gurɓata sai uwar kuɗin ta zama halalinka? Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Mun kuma sani an kawo gawa gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya dakata da yi mata salla saboda bashi, sai da wani sahabi ya ɗauki nauyin biya. Ko a nan, kafin a ɗauki mamaci zuwa maƙabarta sai an yi shela cewa duk mai binsa bashi ya ga iyalinsa. Bashin da ke cikin sim ɗin da aka wurgar, wa zai zo ya faɗa? Su wa za su biya, alhali ba su san da shi ba?

Kada a ɗauka ina wanke masu ba da rance. Ba waliyyai ba ne. Idan aka ce maka kashi 7 cikin ɗari a wata, ka lissafa: kashi 84 ke nan a shekara, ban da tarar jinkiri. Mun ga yadda a Mayun 2019 aka soke lasisin ƙananan kamfanonin kuɗi 347 a rana ɗaya, ajiyar talakawa ta maƙale. Mun ga manhajojin rance marasa lasisi da ke kwashe lambobin wayar mutum da hotunansa, in ya yi jinkirin kwana biyu su aika wa surukansa cewa ɓarawo ne. A 2023 Babban Banki ya fitar da sunayen irinsu 97, aka kuma kama fiye da mutum 400 a Accra. Mun kuma sha tsadar 2022, lokacin da hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin ɗari. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai maganin kura shi ne kada ka kai mata akuyarka tun farko. Wanda ya ci ladan kuturu kuwa, dole ya yi masa aski.

Manyanmu ma suna da nasu kason laifin. Mene ne ke tura yara cin bashin nan? Sau da yawa ba yunwa ba ce. Yayi ne na biki kala uku, liƙi ne a wajen awure, suna ne da sai an yanka abin da ya fi ƙarfin uban jariri, ga kuma cacar ƙwallo a waya. Akwai kuma wata masifa da kunya ta haifa: yaya ko kawu ya ce "ara mini katinka in yi rajistar layi", ko "ba ni wayarka in ciro rance, gobe zan mayar". Ƙanwata, ki ce a'a. In bai biya ba, sunanki ne a littafin. Zumuncin da zai ɓaci saboda kin kare sunanki, dama can a ɓace yake.

Wanda ya riga ya faɗa ramin, ƙofa ba ta rufe ba. Doka ta ba ka damar karɓar rahoton bashinka kyauta sau ɗaya a shekara. Je ka karɓa ka ga abin da aka rubuta a kanka. In akwai kuskure, ko wani ya ci da sunanka, ka kai ƙorafi a rubuce, in ba a saurare ka ba ka wuce Babban Banki. In kai ka ci, ka nemi kamfanin da kanka kafin su neme ka, ku yi yarjejeniyar biya kaɗan-kaɗan, in ka gama ka karɓi takardar shaida ka adana ta kamar takardar fili. Fara da wanda ribarsa ta fi gudu. Kada ka ci a nan don ka toshe can, rami biyu ke nan. Kuma kada ka bai wa kowa ko sidi ɗaya don wai zai goge maka suna a kwamfuta. Biya ne kawai ke gyara suna, sai kuma lokaci.

Ina kuma da kira ga sarakunan Zango, limamai da Asusun Raya Zango da aka kafa da dokar 2017. Amanar iyayenmu mata tana cikin littafin uwar adashi da kan mai tara susu, babu bankin da ke ganinta. Ku tsaya a mayar da ƙungiyoyin adashi masu rajista, a nemi hanyar da zubin Hajiya na shekara ashirin zai zama shaida a gaban mai ba da jari. Limamai kuma su ware huɗuba guda a kan bashin waya, su kira shi da sunansa.

Bahaushe ya ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Cinsa ba abin kunya ba ne. Abin kunya shi ne a ci, a gudu, sannan a zo bes ana tafa maka. Na koma wajen yaron nan washegari na faɗa masa duk abin da na rubuta a nan. Bai ce komai ba, sai da na miƙe zan tafi ya tambaye ni inda ake karɓar rahoton. Allah Ya sa ya je, Ya kuma rufa mana asiri duniya da lahira.