Yaron da Bai Buɗe Baki Ba, Ba Ɗan Ruwa Ba Ne

Bismillahir Rahmanir Rahim. Bayan haka, a ƙasar Wurno da Rabah da Goronyo akan ɓoye yaro a ɗaki domin ya shekara biyar bai buɗe baki ba, ba ya duban mai kiransa, ba ya shiga wasan tsara. Wasu su ce ɗan ruwa ne, wasu su ce uwar ce ta jawo da wankan almuru. Sau da yawa ƙarshen zancen saki ne. Lalle wannan hukunci ne ba da shaida ba.

Likitoci suna kiran wannan lalura otizim, jama'a kuwa sukan ce galahanga. Likita Leo Kanner ya siffanta ta a Amurka cikin 1943, bisa yara 11. Cikin 1977 aka bincika tagwayen gida 21 a Ingila, inda aƙalla ɗaya yake da ita. A gida 11 tagwayen masu kama ɗaya ne, wato gadon jininsu ɗaya: a gida 4 duka biyun suna da ita. A sauran gida 10, inda ba su kama, ba a sami hakan ba ko sau ɗaya. Wannan ya nuna gado yana da babban rabo. Daga baya aka gane ƙwayoyin gadon suna da yawa. Wasu daga uba, wasu daga uwa, wasu kuwa canji ne da ya faro a jikin yaron. To, da wace hujja ake kama uwa ita kaɗai?

Neman sababi ba jayayya da ƙaddara ba ne. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda aka binne a Wurno cikin 1837, ya wallafa littattafai a kan ilmin magani. Masu ziyartar kabarinsa su ne mafi cancanta da bin sawunsa.

Saboda haka malamin da aka kawo wa irin wannan yaro ya yi masa addu'a, kana ya tura iyayensa asibitin ƙwaƙwalwa na Kware, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Babu maganin da ke kawar da ita, kada attajiri ya ɓatar da dukiyarsa wajen masu alkawarin waraka. Amma koyarwa da wuri tana taimakon harshe da ɗabi'a.

Galibin binciken nan a kan 'ya'yan Turawa aka yi shi. In masu bincike suka zo, a tambaye su abin da za a yi da jinin yaro. In bayani ya gamsar, a ba su hannu.

Allah shi ne Masani. Tammat.