SHARHI: Matacin Ruwa Na Zaren Nano Da Makomar Ruwan Sha A Karkara

Mazauna karkara da dama ba za su manta da ƙyallen tace ruwa da aka riƙa rabawa gida-gida lokacin yaƙi da ciwon kurkunu ba. Wannan ɗan ƙyalle ya taka muhimmiyar rawa, har a shekarar 2013 Hukumar Lafiya Ta Duniya ta tabbatar Nijeriya ta rabu da cutar. Sai dai ƙyalle yana tare ƙwarin da ke ɗauke da kurkunu ne saboda girmansu. Ƙwayar cutar kwalara, wadda ta kama mutane sama da 100,000 a ƙasar nan a shekarar 2021, ta kashe fiye da 3,000, tana iya wucewa ta ramukansa.

A kan wannan giɓi ne masana kimiyya suke aikin wani sabon mataci da ake yi da zaren nano. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita, kuma zaren ya fi gashin mutum siranta sau ɗaruruwa. Ana narkar da sinadari ya yi kauri kamar koko, a tura shi ta bakin allura, sannan ƙarfin lantarki na dubban bolt ya ja shi ya zama zare, ya tattaru a kan faranti tamkar yanar gizo-gizo mai ninki-ninki. Dabarar ba sabuwa ba ce, domin tun 1934 Anton Formhals ya yi rajistar haƙƙin mallakarta. Ramukan wannan saƙa ƙanana ne ƙwarai amma masu yawa, don haka ruwa yana ratsawa cikin sauƙi, ƙwayoyin bakteriya kuwa su maƙale.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne kayan haɗin. Maimakon robar da ake samu daga man fetur, masu bincike sun karkata ga abin da Allah Ya hore a tsirrai da halittun ruwa: selulos na auduga da karan amfanin gona, da kitosan na ɓawon jatan-lande da kaguwa, har ma da ƙaro, wanda ake samu a Jigawa da Yobe da Borno. Kitosan yana kama ƙarafa masu guba irin su dalma. Duk wanda ya tuna bala'in gubar dalma a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu, ya san nauyin wannan magana, ko da yake a can ƙurar dutsen zinare da ake daka a gidaje ce ta fi yin ɓarna.

To, amma bai kamata mu yi gaggawa ba. Yawancin wannan aiki yana ɗakunan gwaji ne. Zaren tsirrai yakan kumbura ko ya narke a ruwa idan ba a ƙarfafa shi da wasu sinadarai ba. Ruwan kududdufi mai laka zai toshe matacin cikin ɗan lokaci, saboda haka dole a fara kwantar da shi da alif ko garin 'ya'yan zogale, kamar yadda iyayenmu mata suka saba. Ƙwayoyin bairos sun fi ramukan ƙanƙanta, kuma gishirin ruwan zartsi ba ya fita da irin wannan tacewa.

Muna jawo hankalin shugabannin ƙananan hukumomi da jami'an sashen ruwa da tsabtar muhalli cewa duk ɗan kwangilar da ya zo da mataci mai sunan “nano” a nemi ya nuna sakamakon gwaji bisa ma'aunin ingancin ruwan sha na ƙasa da hukumar SON ta fitar, wanda ya ƙayyade dalma kada ta wuce miligiram 0.01 a lita ɗaya. A tambaye shi lita nawa matacin yake tacewa kafin ya toshe, da kuma kasuwar da za a sami na canji. Kuɗin gyaran rijiyoyin burtsatse da sayen sinadarin kulorin kada a taɓa su saboda wannan. Ga magidanta kuma, a ci gaba da tafasa ruwan da ake shakkarsa, a rufe randa, a ware mata moɗa guda.