Masu Gadin Masaukin da Ba Ya Rufe Ƙofa

A zamanin da fatauci ya ke da ƙarfi, kowane babban gari yana da fatoma, watau mai masaukin baƙi. Shi ke sauke falke, ya ba shi ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya kuma tsaya masa idan rigima ta taso. Jarin fatoma duka bai wuce amana ba. Ranar da aka ce ƙullin wani ya ɓace a gidansa, to, daga ranar ya fara asarar baƙi. Amma wanda ya san gidan fatoma ya san ba maigida ke kwana a zaure ba. Yaransa ke yin wannan, su ke tashi cikin dare in an ƙwanƙwasa ƙofa, su ne kuma ba a cika jin sunansu ba.

Yau an sami wani irin masauki sabo, wanda ba ya sauke mutum sai shafinsa na intanet. Duk shafin da mai karatu ya buɗe a wayarsa, ko na makaranta ne, ko na banki, ko na mai sayar da atamfa, yana zaune ne a cikin wata babbar kwamfuta da a ke kira saba, wadda ba a kashe ta dare da rana. Kamfanonin da ke ba da hayar wuri a cikin irin waɗannan kwamfutoci su ne masu masaukin shafuka. A Nijeriya galibinsu suna Legas da Abuja, irin su WhoGoHost, wanda ya sauya suna zuwa GO54 a 2024, kuma da yawansu ke yi wa jama'a rajistar adireshin da ke ƙarewa da .ng a ƙarƙashin ƙungiyar NiRA wadda aka kafa a 2005. Kasancewarsu a Legas kuwa ba abin mamaki ba ne, tun da ya ke can ne wayoyin ƙarƙashin teku su ke fitowa tudu, kamar ta MainOne da ta fara aiki a 2010.

To, mene ne ruwan Gombe da wannan sha'ani? Ruwanta babba ne. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Gombe ranar 1 ga Oktoba, 1996, garin ya ke ta buɗewa ta kowace fuska. An kafa Jami'ar Jiha a 2004, ta Tarayya a Kashere a 2011, ga kuma Kwalejin Ilmi ta Fasaha ta Tarayya da ke cikin gari, dukkansu suna yaye samari da 'yan mata da su ka karanta ilmin kwamfuta. Har ila yau ɗan garin, Malam Isa Ali Ibrahim Pantami, ya shugabanci hukumar NITDA daga 2016, sa'an nan ya riƙe Ma'aikatar Sadarwa daga 2019 zuwa 2023, abin da ya ƙara wa yara da yawa sha'awar wannan fanni. Aikin gwamnati kuwa bai isa kowa ba, kamfanin siminti na Ashaka ma ba zai kwashe su duka ba. Saboda haka idanun matasa su ka koma kan aikin da a ke yi daga gida, inda yaro zai zauna a Tudun Wada ko Jekadafari ko Bolari, yana amsa koke-koken abokan cinikin wani kamfani da bai taɓa taka ƙofar ofishinsa ba.

A bakin ƙofa aikin yana da daɗin ji. Ba a tambayar ɗan wane ne, ba a neman takarda daga wani babba. Wanda ya iya, ya iya. A kamfanin da ke haɓaka da sauri, yaron da ya shiga bara yana amsa waya, bana ya kan wayi gari yana kula da sabobi, baɗi kuma an ba shi mutane biyar a ƙarƙashinsa. Abin da ma'aikacin sakatariya zai shekara goma bai koya ba, shi ya kan koye shi cikin watanni, domin ba wanda zai yi masa. Ga kuma sakin fuska tsakanin manya da ƙanana, har a kan ce wa sabon ɗauka ya kira shugaban kamfani da sunansa tsirara, abin da kan yi wa ɗan Gombe nauyi a baki, shi da ya tashi bai taɓa ambatar sunan yayansa ba sai da sakayawa.

Amma fa akwai lissafin da ba a cika yi wa mai neman aiki ba. Kusan kowane kamfanin masauki yana yi wa abokan cinikinsa alkawarin cewa shafinsu zai kasance a buɗe kashi 99.9 cikin ɗari na lokaci. Shekara tana da sa'o'i 8,760. Watau ke nan duk abin da aka yarda shafi ya yi a rufe, daga Janairu har Disamba, bai kai sa'o'i tara ba. Wannan alkawari ba kwamfuta ke cika shi ba, mutum ke cika shi. Dole a sami wanda ya ke farke ƙarfe uku na dare, da wanda zai bar tuwon salla ya koma kan na'ura, da wanda za a kira yana tsakiyar ɗaurin auren ƙanwarsa. Idan kamfani ya ninka abokan ciniki cikin shekara guda amma bai ninka ma'aikata ba, ba sai an yi duba ba kafin a san a wuyan wa kayan za su sauka.

Ga wanda ke aiki daga Gombe kuma akwai ƙarin wani nauyi da na Legas bai cika fahimta ba. A watan Afrilu na 2024 ɓarayin ƙarfe su ka kayar da turakun babban layin wutar lantarki da ya taso daga Jos zuwa Gombe, aka yi makonni garin da maƙwabtansa suna cikin duhu. A watan Oktoba na wannan shekara kuma yawancin Arewa ta sake shiga irin wannan hali. Sabobin kamfani suna can a ɗakin sanyi da janaretocinsu, ba abin da ya same su. Ma'aikaci ne a ɗakinsa ke neman inda zai yi cajin kwamfuta, ya sayi fetur da tsadar da ta biyo bayan janye tallafi a ƙarshen Mayun 2023, ko ya ci bashi ya haɗa sola. In takardar aikinsa ba ta faɗi wanda zai biya kuɗin wuta da na data ba, to, shi ne zai biya, kuma albashin da ya yi kama da mai tsoka sai ya tarar rabinsa ƙashi ne.

Su ma masu kamfanonin, a yi musu adalci, ba a kan gadon hutu su ke ba. Suna karɓar naira daga abokan ciniki, amma hayar sabobin waje da lasisin manhajoji irin su cPanel da dala a ke biyansu. Kafin Yunin 2023 dala ɗaya a farashin gwamnati tana wajen naira 460. Kafin a fita Fabrairun 2024 ta haura naira 1,500. Kamfanin da ya ƙara farashi, ma'aikacin da ke amsa waya shi ke shan zagin abokin ciniki. Wanda bai ƙara ba kuwa, sai ya matse a wani wuri, wurin kuma sau da yawa shi ne albashi. Haka nan ranar 14 ga Maris, 2024, da wayoyin teku huɗu su ka lalace daura da gaɓar Kwaddibuwa, intanet ya yi rauni a ƙasashen Afirka ta Yamma, ƙananan ma'aikata ne su ka kwana suna ba da haƙuri a kan laifin da ke can ƙarƙashin ruwa.

Inda a ke gane halin gidan aiki na ainihi, duk da haka, shi ne ranar da aka yi kuskure. Labarai biyu daga ƙasashen waje sun isa misali.

A daren 31 ga Janairu, 2017, wani injiniya na kamfanin GitLab, wanda ke ajiye wa masu rubuta manhaja ayyukansu, yana gyara a gajiye, sai ya goge bayanai daga babban rumbu alhali yana zaton ƙaramin ya ke gogewa. Kafin ya farga ya tsayar, kusan komai ya tafi. Da aka juya ga kwafin ajiya sai aka tarar hanyoyi biyar da aka tanada babu wadda ke aiki yadda ya kamata. Wani kwafi da aka ɗauka sa'o'i shida kafin haɗarin shi ya ceci kamfanin. Abin lura shi ne matakin da shugabanni su ka ɗauka. Ba su kori injiniyan ba. Sun bayyana wa duniya abin da ya faru dalla-dalla, har su ka nuna aikin gyaran kai tsaye a YouTube, su ka ɗora laifin a kan tsarin da ya bar mutum ɗaya, cikin dare, da ikon rushe gida da layi guda. Hikimar a fili ta ke: ma'aikacin da ya san za a yanka shi in ya faɗi gaskiya, ɓoye kuskure zai yi, ɓoyayyen kuskure kuwa a wannan sana'a ya fi wuta saurin ci.

Na biyun kuma daga GoDaddy ne na Amurka, ɗaya daga cikin mafiya girma a harkar. A watan Disamba na 2020, lokacin da annobar korona ta gallabi kowa, aka aika wa ma'aikata wasiƙa cewa za a ba su kyautar dala 650 ta ƙarshen shekara, su cike bayanansu. Ashe tarko ne na gwaji, don a ga wanda 'yan damfara za su iya ruɗa. Ɗaruruwan da su ka cike, maimakon kuɗi, sai aka sanar da su sun faɗi jarrabawa, su koma horo. Gwajin kansa yana da hujja, gama ta irin wannan ƙofa ɓarayin intanet su ke shiga. Amma yi wa mai jin yunwa tayin tuwon ƙarya ba dabara ba ce, kuma daga baya kamfanin ya nemi gafara.

Kowane kamfani ya kan ce shi da ma'aikatansa iyali ɗaya ne. Bahaushe ya san wannan magana tun kafin zuwan kwamfuta. A babbar kasuwar Gombe, yaron shago ya kan yi wa maigidansa hidima shekaru ba tare da albashi tsayayye ba, amma akwai abin da kowa ya sani ko ba a rubuta ba: maigida zai ci da shi, ya yi masa magani, ya tsaya masa a aure, ran da ya isa kuma ya sallame shi da jari. In maigida ya saɓa, 'yan kasuwa da dattawan unguwa suna nan, kunya kaɗai ta isa ta hukunta shi. Kamfanin da ke nesa da kilomita sama da dubu ba ya jin kunyar kowa a Pantami ko Herwagana. Ya karɓi rabin tsohuwar al'ada, watau hidima ba ƙidayar sa'o'i, ya bar ɗaya rabin. Abin da ya rage wa ma'aikaci shi ne takarda.

A nan ne kuma doka ta ke da giɓi. Dokar Ƙwadago da a ke aiki da ita ta samo asali ne daga 1974. Ta wajabta a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin ya wuce wata uku, ta ba shi hutun yini guda a kowane mako, da hutun shekara na aƙalla ranakun aiki shida da cikakken albashi. Sai dai a sashe na 91, inda ta fassara wane ne ma'aikaci, ta fitar da masu aikin gudanarwa da na fasaha da na ƙwararru. Injiniyan saba yana iya faɗawa cikin waɗanda aka fitar ɗin, sai ya zama abin da ya sa wa hannu shi ne gatansa idan an je Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024 bai hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Dokar Fansho ta 2014 ta ce mai kamfani ya zuba kashi 10 na albashi, ma'aikaci kashi 8, amma kamfani na iya kauce mata ta hanyar kiran mutum ɗan kwangila ko mai koyon aiki, ko da ya shekara biyu yana kwana a bakin na'ura.

Saboda haka saurayi ko budurwar da aka yi wa tayin irin wannan aiki, kafin murna ta rufe ido, akwai tambayoyin da ya kamata a yi ba tare da jin nauyi ba. Mutum nawa ke karɓa-karɓar aikin dare, kuma sau nawa zai zagayo kan mutum a wata? Wanda ya kwana aiki, ana ba shi yinin hutu ko kuɗi? Ranar Juma'a da azahar, da lokacin buɗa-baki cikin azumi, akwai mai riƙe masa? Idan an ɗauke wuta a Gombe mako guda, kamfani zai taimaka ko zai yanke albashi? Ya kuma roƙi a haɗa shi da wani wanda ya shekara a wurin, ya tambaye shi abin da aka yi wa mutum na ƙarshe da ya yi babban kuskure.

Gwamnatin Tarayya ta sa hannu a dokar tallafa wa sababbin kamfanonin fasaha a Oktoban 2022, a 2023 kuma ta ƙaddamar da shirin 3MTT na horar da matasa miliyan uku, 'yan Gombe na cikin masu shiga. Duk waɗannan suna ƙara yawan masu neman aikin ne. Sashe na 91 kuwa yana nan yadda aka rubuta shi tun zamanin da babbar na'urar ofis ita ce tafireta, kuma gyaransa yana hannun Majalisar Tarayya, inda Jihar Gombe ke da sanatoci uku da wakilai shida.