Waƙar Ibada da Kiɗan Rawa

Jama'a, ga wata al'ada daga Amurka. Mawaƙan Kirista na can sukan ɗauko tsohuwar waƙarsu, a bar muryar, a cire kiɗan, a ɗora mata gangar na'ura mai sauri, a sayar a sabon faifai. Newsboys sun yi haka a 2002, Amy Grant kuma a 2014. Hujjar masu yi ita ce bishara ta kai ga samari har gidan rawa.

To, ni ban ƙi kiɗa ba, ai Dawuda ma ya taka rawa gaban akwatin alkawari. Amma na lura mai gyaran yakan datse baitoci, ya yi ta maimaita kalma uku. Shin wace bishara ta rage wa mai rawan? Malamai, ina jiran amsarku.