Wa Zai Saurari Sabuwar Waƙa Yanzu?



Makonni uku ke nan da muka raka Baba makwancinsa. Da yawa cikinku ba ku taɓa ganin fuskarsa ba sai a takardar jana'iza, amma muryarsa kun san ta tun kuna goye, domin kowace Lahadi da yamma ita ce ke fitowa daga rediyon da iyayenmu ke ajiyewa a bakin taga. Tun ranar da ya huta hotunansa ke yawo a WhatsApp, kowa yana yabo. Yabon ya dace. Tsoronmu dai kada mu yabi mutumin, mu binne aikinsa tare da shi.

Babban aikin Baba sauraro ne. Mu da muka tashi a zamanin kaset mun san yadda ake yi. Mawaƙan wani ƙauye za su haɗa kuɗin batir, su taru a majami'a bayan an taso daga gona, a ɗora rikoda a kan benci, a rera. Wani lokaci har kukan akuya kana ji a tsakiyar baiti. A damƙa wa direban motar kasuwa kaset ɗin ya kai birni. Baba zai ji shi daga farko har ƙarshe, ya sa a shirinsa, ya ambaci sunan ƙauyen, da na ikilisiyar, da na yarinyar da ta ba da waƙar. Ranar nan duk ƙauyen a gindin rediyo ɗaya ake zama. Bai raina tulu da cakin zumuntar mata don babu jita a ciki ba, bai kuma ce sai an juya waƙar Tangale ko ta Bura zuwa Turanci kafin a ji ta ba.

Kada kuma a ɗauka kowace waƙa yake sawa. Muna makarantar tauhidi, mu huɗu muka kai masa tamu, muna ji da kanmu. Ya ji, ya mayar da kaset baya, ya sake ji, sannan ya tambaye mu daga wane nassi muka ɗauko baiti na biyu. Muka yi tsuru-tsuru. Baitin yana yi wa mai bi alkawarin ba zai ƙara shan wahala a duniya ba, abin da Littafi Mai Tsarki bai faɗa ba. Ya ce mu je mu gyara mu dawo. Mun yi ta gunaguni a hanya, amma mun gyara, ya kuma sa ta.

Wannan hali gado ne ya tarar. Rediyon ELWA ya fara watsa bishara daga Laberiya a 1954. Muryar Bishara kuma daga Addis Ababa take isowa tun 1963, har gwamnatin sojan Habasha ta ƙwace tashar a 1977. A Jos ake naɗar shirye-shiryen Hausa a aika can. Panam Percy Paul, wanda ba gidan da bai san waƙoƙinsa ba, ya yi aiki a situdiyon ELWA kafin sunansa ya cika ƙasa.

To, mu dubi namu gidan, mu fastoci da dattawa ma a ciki. Idan taron shekara ya zo, sai mu kira mawaƙi daga birni, mu biya shi kuɗi masu kauri, mu kama masa masauki. Yaron da ke kaɗa mana kibod kowace Lahadi kuwa, ko kuɗin mota ba mu ba shi. Waƙoƙin sujadarmu rabi daga YouTube muke kwaso su, da Turancin da iyayenmu mata ke tafa wa hannu ba tare da sun san me ake cewa ba. In wata yarinya ta ce ta tsara waƙa, amsarmu ɗaya ce: babu lokaci a tsarin sujada.

Wani zai ce zamani ya canja, duk mai waya yanzu gidan rediyon kansa ne. Gaskiya ne, muna kuma godiya ga Allah. Amma waya ba ta tambayar ka nassin da ka ɗauko baitinka, ba ta kuma ce maka je ka gyara ka dawo. Wannan aikin Barnaba ne. Lokacin da Bulus ya ƙi tafiya da Markus don ya taɓa barin su a hanya, Barnaba ne ya ɗauke shi suka tafi Kubrus. Shekaru bayan haka Bulus da kansa ya aika wa Timoti ya zo masa da Markus, don yana da amfani gare shi. Ku karanta Ayyukan Manzanni sura 15 da 2 Timoti sura 4 a wannan mako.

Mun zauna da shugabannin zumuntar matasa, mun yarda cewa Lahadin farko na kowane wata za a ware minti goma bayan baiko domin sabuwar waƙa daga cikinmu, da kowane yare. Mai waƙa zai fara kawo kalmomin ranar Alhamis mu duba tare. Wata 'yar'uwa daga ajin baftisma ta riga ta kawo tata, da yaren kakarta. Ta ce ƙafafunta na rawa tun yanzu, don haka ku zo da wuri ku cika bencin gaba.