Awon hazo daga sararin sama

Tsakanin Disamba da Fabrairu, direban da ya taso daga Gidan Rumji ya bi ta Cadawa zuwa Gazawa yakan kunna fitila da hantsi. Hazon da ke rufe masa hanya baƙo ne. Kaso mai yawa daga kwarin Bodele yake tasowa, a arewacin Cadi, inda tsohon tafki ya ƙafe ya bar farar ƙasa mai laushi kamar gari. Cikin kwana ɗaya ko biyu iskar hunturu kan kawo ta jihar Maradi.

Taurarin ɗan Adam na ganin wannan tafiya tun daga farinta. Meteosat na Turai, wanda aka harba na farkonsa a 1977, yana tsaye wajen kilomita 36,000 bisa duniya, yana auna zafin da ke tashi daga doron ƙasa. Inda ƙura ta shiga tsakani sai awon ya sauya, a gane ta ko da dare. Samfurin da aka fara harbawa a 2002 yana aiko hoto kowane minti 15.

Masana na lissafa kaurin hazo da hasken rana da ya tare. Idan awo ya kai 1, kusan kashi biyu cikin uku na hasken da ke saukowa kai tsaye ya ɓace a hanya. Da wannan mudu ake awo har a duniyar Mars, inda a 2018 guguwa ta haura 10, ta kashe motar bincike Opportunity mai aiki da hasken rana.

Sai dai mudun yana haɗa ƙurar sama da ta ƙasa a lissafi guda. Wadda ta wuce can sama ta nufi teku ba ta dame malamin asibitin Agye ba. Abin da ya dame shi ita ce wadda yara ke shaƙa a watannin sanƙarau. Kumbon CALIPSO na Faransa da Amurka ya rage wannan giɓi daga 2006 zuwa 2023, yana harba haske yana auna tsawon da ƙurar take, amma siririn layi kawai yake dubawa a kowane zagaye.

Shi ya sa tashar Banizumbu, gabas da Yamai, take da daraja: a can ana auna ƙurar a ƙasa, a gwada da abin da kumbo ya faɗa. Amma daga can zuwa Cadawa, tazarar ta haura kilomita 500.